Idon Daddy Guda Ɗaya

Jama'a, yau kar wanda ya ce min in yi haƙuri. Na karanta duk saƙonninku, har da na mai cewa "Delaney kin cika kuka kamar wata sabuwar amarya." To ke da kika faɗa, zauna ki ji abin da ya faru ranar Lahadi, in ya so ki gaya min in ke ce dariya za ki yi.

Waɗanda suka shigo yanzu, ga inda muke. Mu 'yan gidan Pruitt ne, a wani ƙauye can gabashin Texas inda shanu suka fi mutane yawa. Muna da wata al'ada tun daga kakan Daddy: duk namijin da ke son 'yar gidan, ranar taron dangi na watan Agusta yake zuwa da bindigarsa ta kansa, ya miƙa wa uban yarinya. Uban zai juya ta, ya leƙa cikinta, ya sa harsashi, ya harbi kankanar da aka ɗora a kan turken shinge. In ya dawo da ita ya ce "zauna ka ci abinci," shi ke nan an ba ka mata. Daddy cewa yake yadda mutum ya riƙe bindigarsa, haka zai riƙe matarsa. Da haka aka aurar da gwaggonnina, da haka aka aurar da yayata ga Rusty, mijinta mai baki kamar reza.

Shi kuwa Corbin nawa ba ya sayen bindiga. Zana ta yake a kwamfuta, injinsa da ke gareji ya narkar da zaren roba ya fitar da gangar jikinta a hankali a hankali, shi kuma ya haɗa mata ƙarafunanta. Su da yawa ne masu wannan sha'awa, suna da dandalinsu a yanar gizo, kowa da sunan ɓoye, suna musu kan zane kamar masu musun ƙwallo. Kuma suna da doka ɗaya wadda ko mahaukacin cikinsu ba ya takawa: sabuwar da ta fito daga inji ba a sa ta a kafaɗa. Ɗaure ta ake a tsohuwar taya, a ɗaura doguwar igiya a kunamarta, a koma bayan bishiya a ja. Sai ta sha harbi ta gaji ba ta tsage ba, sannan a yarda da ita. Ni kaina na sha riƙe masa waya ina ɗaukar bidiyo daga bayan bishiya, sauro na cin ƙafafuna.

Yana da wata baƙa, mummuna kamar gawayi, wadda ta shekara tana shan wannan gwaji. Ita muka yi da shi zai kawo. Ku riƙe wannan.

Ranar Lahadi tun da safe Mama ta hana ni sakat. Riga uku ta sa na cire, sai da na sa shuɗiyar nan mai fararen furanni da ɗamara a ƙugu, da takalma masu tsini da ke cin yatsuna.

"Tsaya daidai mana, Laney. Ja kafaɗarki baya." Laney ake kirana a gida. Tana gyara min gashi, fil a bakinta. "Na riga na gaya wa matar fasto ta riƙe mana zauren coci na watan Oktoba. Na gaya wa gwaggonninki. Yau in kika bari bakinki ya ja mana abin kunya irin na wancan karon, ni da ke ne."

"Mama, wancan karon saurayin ne ya zo da bindiga duk tsatsa."

"Ke kuma kika yi dariya gaban mutane. Ashirin da bakwai fa kike, ba sha bakwai ba. Yau ki yi murmushi ki zuba wa mutane shayi, shi ke nan aikinki."

A coci Corbin ya zauna kusa da ni cikin farar riga da ya goge da kansa, har da layin ƙuna a hannun hagu. Na ɗora hannu a gwiwarsa, ya raɗa min, "Ina da abin mamaki." Ni shashasha na ɗauka zobe ne, har na ji kunnuwana sun yi zafi. Fasto ya yi ta wa'azi kamar ba zai gama ba, a waje kuwa rana tana dafa motoci.

Da muka iso gida tsakar rana, fili ya cika. Hayaƙin naman da Daddy ya kwana yana bandawa ya rufe ko'ina, ga masara, ga wake, ga kwanukan dankali a jere ƙarƙashin bishiyar pikan. Mamaw, kakata mahaifiyar Daddy, tana kan kujerarta mai lilo da mafici a hannu, tana ba kowa umarni ba wanda ya tambaye ta. Yatsuna suka ishe ni, na ce bari in ɗauko silifas ɗina da na bari a a-kori-kurar Corbin.

Ina buɗe ƙofa zafi ya mare ni kamar na buɗe tanda. Jakar bindiga tana kan kujera, daidai inda rana ke dukan gilashi. Ba don komai na zuge ta ba sai don in gaishe da baƙar nan, in ce mata ki fitar da mu kunya.

Ba ita ba ce.

Wata ce sabuwa fil, ruwan zinare, tana sheƙi kamar alawar biki. A gefe ɗaya na gindinta an fitar da PRUITT da manyan baƙaƙe, a ɗaya gefen sunana. Kyau kam ta yi kyau, ba zan ɓoye muku ba. Amma na san zaren nan. Shi ne wanda Corbin yake buga min tukwanen fulawa da shi, wanda da bakinsa ya ce min na ado ne kawai, ko cokali ba zai yi da shi ba. Na taɓa ta, na janye hannu don zafi. Na sake dubawa, sai na ga inda sama da ƙasanta suka haɗu ya ɗan buɗe baki, har farcena yana shiga.

Na jingina da mota na ciro waya na rubuta wa Corbin.

"Ina baƙar?"

Na hango shi can cikin maza, Rusty ya dafa kafaɗarsa. Ya duba waya, ya ɗago, idonmu ya haɗu.

"Kin ɓata min abin mamakin 😅"

"Corbin ina baƙar?"

"Tana gida. Haba Laney, in kawo wa Mista Pruitt wannan mummunar? Rusty zai shekara yana min dariya."

"Ka gwada wannan?"

Ɗigo uku suka fito, suka ɓace, suka sake fitowa.

"Da asuba ta fito daga inji. Amma zane ɗaya ne da baƙar, komai ɗaya."

"Zaren ba ɗaya ba ne. Kuma tun safe take gasuwa a mota. Ta buɗe baki."

"Harsashi ɗaya ne kawai fa. Tara cikin goma ba abin da zai faru."

Na tsaya ina kallon wannan saƙo har rubutun ya fara yi min hazo. Sannan na rubuta masa:

"Daddy ido goma gare shi?"

Na hango shi ya mayar da wayar aljihu.

Don ku gane, Daddy ido ɗaya gare shi, na dama. Na hagun wani ɓarɓashin ƙarfe ya ɗauke shi a wurin haƙar mai tun ina goye. Da wannan ɗayan yake tuƙi, da shi yake ƙirga shanunsa, da shi yake karanta wa Mamaw rubutun jikin kwalaben maganinta. Shi da kansa yake mayar da abin wasa, ya ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Kuma in zai yi harbi, wannan idon ne yake kwantarwa a kan bindiga, daidai wurin da na ga ya buɗe baki.

Na ja Corbin bayan rumbun ciyawa. Ƙanshin turarensa da ni na saya masa ya bugi hancina, na ji kamar in fashe da kuka a ƙirjinsa, amma ba lokacinsa ba ne.

"Ka shiga mota ka ɗauko baƙar."

"Zuwa da dawowa sai la'asar. Kin san yanzu za a fara."

"To ka ce a ɗaura mata igiya."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Igiya? Kin manta abin da babanki ya ce ranar da kika nuna masa bidiyo? Namijin da ke ɓuya bayan bishiya yana jan igiya, ranar da gida ya kama wuta ma bayan bishiya za a same shi. A gabana ya faɗa, Laney. Igiyar ma na cire ta daga mota."

"Kunya ba ta taɓa makantar da kowa ba."

"Ke ba ki san yadda ake zama gaban mutanen nan ba! Ni ba ni da gona, ba ni da shanu, ubana bai bar min ko wuƙa ba. Abu ɗaya na iya a duniya, shi na kawo. In na ce ban yarda da aikin hannuna ba, da me zan tsaya?" Ya kama hannuwana biyu, nasa sun jiƙe da gumi. "Don Allah, masoyiya. Harbi ɗaya. Ki yi shiru na minti ɗaya, mu yi aure."

Ku da kuke ce min in rabu da shi tun kashi na uku, ba ku ga fuskarsa a lokacin ba. Ba mugu ba ne. Tsoro ne ya cika shi har ya toshe masa kai. Kuma ina son sa, ina son sa har yanzu da nake rubuta wannan, shi ne abin da ke kashe ni.

Na ruga kicin wurin Mama. Tana yanka kek, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Mama, bindigar ba ta da lafiya. Ki yi wa Daddy magana."

"Duk amarya haka take ji ranar."

"Ba wannan ba ne! Roba ce, ta yi laushi a rana, za ta iya fashewa a fuskarsa."

Sai a lokacin ta ajiye wuƙa. Na ga tsoro ya gilma a idonta, na rantse na gani. Amma ta leƙa taga, ta ga gwaggonnina a jere da faranti, ta ga matar fasto.

"Yaron ba shi ya ƙera ba? Ya fi ki sani. Ubanki ya fi shekara arba'in yana harbi, in da matsala zai gani. Ɗauki tulun shayin ƙanƙarar nan ki fita, kuma ki goge fuskarki."

Zai gani da me? Daddy ya san ƙarfe da katako kamar tafin hannunsa, amma roba ko a mafarki bai taɓa harba ta ba. Zai ɗauka haka ake yin su.

Na fito da tulu a hannu kamar wadda aka aika ɗiban ruwa a jana'iza. An riga an ɗora kankana a kan turke. Maza sun yi layi, yara an kora su baya. Corbin ya zuge jaka, ya fito da ita, rana ta haske ta, mata suka ce "kai!"

Rusty ya tuntsure da dariya. "Suruki, wannan harbi ake da ita ko lasa? In ta ƙi tashi a ba yara su yi wasan ruwa."

Aka yi dariya. Daddy bai yi ba. Ya goge hannu a wandonsa, ya karɓe ta da hannu biyu. Ya shafa sunan gidanmu da babban yatsa, ya juya ya ga nawa.

"Kai ka yi wannan, yaro?"

"Ni na yi, yallaɓai."

"Ka tsaya mata cewa lafiyarta ƙalau?"

Nan ne, jama'a. Nan ne na zuba wa Corbin ido ina roƙon Allah a zuciyata, Ubangiji ka buɗe bakinsa, kalma ɗaya kawai. Ya kalle ni. Ya kalli Rusty.

"Na tsaya, yallaɓai."

Daddy ya gyaɗa kai. Ya ɗaga ta ya gwada a kafaɗa, ya kwantar da kumatunsa, idon nan ɗaya ya sauka daidai kan tsagar. Sannan ya sauke, ya sa hannu a aljihun riga ya ciro harsashi.

Ban san lokacin da tulun ya faɗi ba. Na dai ji ƙanƙara a ƙafafuna, na ji Mama ta kira sunana da irin muryar da take kira in na yi ɓarna. Kafin harsashin ya shiga na isa bayansa, na yi ɗage, na rufe masa ido da tafin hannuna kamar yadda nake masa wasa ina ƙarama.

"Laney, cire hannunki." Muryarsa a ƙasa, wadda ta fi ihu ban tsoro.

"Ba zan cire ba."

"Ina riƙe da bindiga kike rufe min ido? Haka na koya miki?"

"Ba a gwada ta ba, Daddy. Yau da asuba aka buga ta, kuma ta wuni a rana. Ka bari a ɗaura mata igiya. In ta yi lafiya ka kore ni daga gidan nan, na yarda."

Rusty ne ya fara samun baki. "Tabɗi! Ashe matar ce za ta riƙa ɓuya bayan bishiya, shi yana riƙe mata jaka."

Daddy ya cire hannuna da kansa. Bai kalle ni ba. "Ba a taɓa harbin kankanar gidan nan da igiya ba, ba kuma a kaina za a fara ba."

Sai muka ji lilon kujera ya tsaya.

"Harlan." Mamaw ce, ta nuna shi da mafici. "Bar yarinya ta ɗaura igiyarta. Ni na haifi idanun nan biyu, ɗaya ya rage min. Ba naka ba ne kai kaɗai."

Duk faɗin ƙauyen nan mutum ɗaya ne ke kiran Daddy da sunansa ya yi shiru. Ya miƙo min bindigar da harsashin.

Ni na yi komai, cikin shuɗiyar rigata da takalmi ɗaya, don ɗayan ya tsaya a cikin laka. Na mirgino tsohuwar tayar tarakta, na yanko igiyar ɗaurin ciyawa, na ɗaure kamar yadda na sha gani. Corbin yana tsaye kamar turke, ko yatsa bai ɗaga ba. Na kora kowa bayan rumbu, suna tafiya suna gunaguni, wata gwaggona tana cewa 'yan matan yanzu sai addu'a. Na durƙusa bayan bishiyar pikan, igiya a hannu. Kuma bari in faɗa muku gaskiya, ban san me nake roƙo ba. In ta yi lafiya na tozarta shi a banza. In ta fashe, ya tabbata ya yi shiru yana kallo.

Na ja.

Ƙarar ba irin ta harbi ba ce, wata ce mai tsaga kamar an fasa faranti a cikin kunnenka. Ɓarɓashi ya zubo a kan kwanon rumbu kamar ƙanƙara. Da hayaƙi ya lafa, kankana tana nan daram a kan turke. Bindiga kuwa ta dare gida biyu, saman nan duk ya tashi.

Rusty ya cire hularsa. Mama ta zauna a ƙasa cikin rigar cocinta.

Daddy ya taka a hankali zuwa bishiyar da na ɓuya. Wani yanki mai tsawon yatsa ya nutse a jikin ɓawon, ruwan zinare, yana sheƙi. Sai da ya sa wuƙa ya zaro shi. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu, sannan ya dubi Corbin.

"Ka san ba ka gwada ta ba?"

"Na sani, yallaɓai."

Na jira tsawa. Na jira ya ce fita daga gonata. Da ma ya yi hakan, da na sami wanda zan yi fushi da shi. Sai kawai ya kamo hannuna, ya sa min yankin a ciki, ya naɗe yatsuna a kai.

"Ba zan hana ki ba, Laney," ya ce. "Ke kin fi ni gani."

Ya juya ya nufi bayan garken shanu. Ba wanda aka ce wa zauna ka ci abinci.

Corbin ya tattara jakarsa babu komai a ciki ya tafi mota. Na ji ya tayar da inji, amma bai ja ba, ya tsaya a bakin ƙofar gona. Wayata ta yi ƙara.

"Na yi kuskure, na sani. Amma kin tsiraita ni gaban danginki duka."

Wani ya biyo baya.

"Ina jiranki a mota. In har akwai sauran wani abu tsakaninmu, ki fito yanzu."

Na fara tafiya, na rantse na fara, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Hanyar ƙofar ta bi ta gefen garke ne. Ina zuwa kwana na hango Daddy, ya ba ni baya, yana tsammanin shi kaɗai ne.

Ya rufe idonsa na dama da tafin hannu, kamar mai gwada yadda makanta take. Ɗaya hannun ya miƙa gaba yana lalube, yana takawa kaɗan kaɗan zuwa wurin kwamin ruwan shanu, hanyar da yake bi kullum safiya tun kafin a haife ni. Taku kaɗan ya yi, ƙafarsa ta ci karo da bokiti, ya tafi taga-taga ya dafe shinge. Bai buɗe idon ba. Ya tsaya a haka, kansa a sunkuye, kafaɗunsa suna rawa.

Waya ta sake ƙara a hannuna na hagu. A na dama yankin robar ya huda min tafi, jini yana bin yatsuna, kuma ban iya buɗe ko ɗaya daga cikin hannuwan ba.